Yadda na haɗa wa ma'ajiyarmu ta Ceph faɗakarwa daga layin umarni

Duk wanda aka danƙa wa gungun Ceph a hannu, wato tarin sabobin da manhajar Ceph ke haɗa fayafansu su zama ma'ajiyar bayanai guda, aka ce masa ya sa ya riƙa sanar da mutane idan wani abu ya lalace, ga yadda tawa ta kasance daki-daki, ko Allah zai sa in rage masa yawo. Wajen aikinmu ba babba ba ne. Sabobi 3 ne a ɗaki ɗaya, kowacce da faifai 4, wato OSD 12 ke nan gaba ɗaya, domin kowane faifai yana da shirin da ke kula da shi mai suna OSD. Kowace saba tana ɗauke da mon guda, wato shirin da ke riƙe da taswirar gungu da halin da yake ciki, akwai kuma mgr, shirin da ke tattara ƙididdiga da gudanarwa, guda 2, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, kuma kowane bayani ana ajiye kwafinsa 3, kwafi ɗaya a kowace saba. Sigar Quincy muke kai, wadda ta fito a 2022. A kan wannan gungu rumbun bayanan ma'aikata da kwamfutocin gaibu (virtual machines) na ofis suke zaune, amma babu abin da ke sa masa ido. Sai wani ya kira ya ce aiki ya yi nauyi, sannan a je a leƙa. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce, "Injiniya, ba na son in riƙa jin labarin ma'ajiyarmu daga bakin akanta." Na ce, "To, Yallaɓai." Sharaɗin kawai shi ne babu kuɗin sayen wata manhaja, kuma ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa da rubutattun umarni, kaɗai ake shiga na'urorin, don haka komai a baƙin allo za a yi shi.

Matakin farko ba shi da alaƙa da aika saƙo ko kaɗan. Na shiga na buga `ceph -s`, umarnin da ke nuna halin da gungu ke ciki, sai na tarar gungun yana kan HEALTH_WARN, kuma da na tambayi abokan aiki suka ce ai kullum haka yake, sun saba. Ceph yana da matsayi 3 ne kacal: HEALTH_OK (lafiya), HEALTH_WARN (gargaɗi) da HEALTH_ERR (babbar matsala). Gungun da ya daɗe a kan na tsakiya, ko ka haɗa masa faɗakarwa babu wanda zai ɗauke ta da muhimmanci, domin idon kowa ya riga ya saba da gargaɗi. Saboda haka sai da na fara share tsofaffin ƙorafe-ƙorafen tukuna. Umarnin `ceph health detail` shi ke zayyano su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambar sunansa cikin manyan baƙaƙe. Guda 3 na samu: RECENT_CRASH, PG_NOT_DEEP_SCRUBBED da MON_CLOCK_SKEW. Na farkon bai ba ni wahala ba. Idan wani ɓangare na Ceph ya faɗi ya tashi, yakan bar rahoto, kuma gargaɗin yana nan har mako 2 sai dai in an karanta an adana. Na duba da `ceph crash ls-new`, na karanta kowane rahoto da `ceph crash info`, na ga mgr ne ya faɗi sau ɗaya ya dawo, sannan na buga `ceph crash archive-all`. A karanta kafin a adana, don umarnin ba ya gyara komai, bakinsa kawai yake rufewa.

Na biyun haƙuri yake buƙata. Ceph yana bin bayanansa yana karanta su ciki da bai don ya tabbatar kwafin nan 3 sun yi daidai da juna, kuma bisa saitinsa na asali kowane rukunin bayanai, wato PG, ana yi masa wannan zurfin bincike sau ɗaya a mako. Wanda ya kafa gungun ya taƙaita lokacin binciken zuwa 'yan sa'o'in tsakar dare ta hanyar `osd_scrub_begin_hour` da `osd_scrub_end_hour`, don kada ya takura wa masu aiki da rana. Niyya ce mai kyau, amma lokacin bai isa a gama zagaye ba, sai bashi ya yi ta taruwa. Na faɗaɗa shi ya kama tun daga tashi daga aiki har wayewar gari, na kuma tura waɗanda suka fi daɗewa da hannu ta `ceph pg deep-scrub`. Daga nan sai jira. Kullum da safe in duba in ga adadin ya ragu kaɗan, har ya ƙare.

Na ukun ne ya fitar da ni daga kujerata. Mon-mon ɗin Ceph ba sa yarda agogonsu ya saɓa da fiye da daƙiƙa 0.05, kuma `ceph time-sync-status` ya nuna min ɗaya ta yi wa sauran nisa sosai. Na duba `chronyc sources`, na ga chrony, shirin da ke daidaita agogon saba, na aiki amma babu tushen lokaci ko ɗaya da yake iya kaiwa. An toshe ƙofa 123 ta UDP, wadda saƙonnin daidaita agogo (NTP) ke bi, a katangar tsaro, wato firewall. Na tafi sashen netwok, aka miƙo min fom na neman buɗe ƙofa, wanda sai shugabana ya sa hannu, sannan jami'in tsaron bayanai ma ya sa. Jami'in ya yi tafiya. Da ya dawo ya ce, "Malam, na'urori uku duk su fita intanet saboda agogo? A'a, guda ɗaya zan ba ka." A lokacin raina ya ɗan sosu, amma daga baya na ga shawararsa ta fi tawa. Muka bar saba ɗaya ta riƙa karɓar lokaci daga waje, sauran biyun su karɓa daga gare ta. Abin da Ceph ya damu da shi shi ne su yi daidai a tsakaninsu, kuma da wannan tsari ko intanet ya yanke agogonsu ba ya rabuwa. Ba a jima ba `ceph -s` ya nuna HEALTH_OK, karo na farko tun da na fara ganinsa.

Sai mataki na biyu, wato faɗakarwar kanta. A cikin mgr akwai wani ɗan sashe mai suna alerts wanda aikinsa kawai aika imel idan lafiyar gungu ta canza. Ana kunna shi da `ceph mgr module enable alerts`, sannan a ba shi saituna ta `ceph config set mgr`, kowanne da sunansa: `mgr/alerts/smtp_host` sabar imel, `mgr/alerts/smtp_sender` mai aikawa, `mgr/alerts/smtp_destination` wanda za a aika wa, sai `smtp_user` da `smtp_password` idan sabar na neman a shiga da kalmar sirri. Bisa asali yana amfani da ƙofa 465 da SSL, tsarin ɓoye saƙo a hanya, kuma yana duba lafiyar gungu duk daƙiƙa 60. Kafin in kai ga nan sai da na sake zuwa wani ofis neman a buɗe min akwatin imel na musamman. Kada ka sa naka na kanka, domin kalmar sirrin a cikin saitunan gungu take zama, duk mai izinin admin zai iya ganinta. Mai kula da imel ya ba ni akwatin, ya rubuta min a takarda cewa in yi amfani da ƙofa 587. Na saita, na buga `ceph alerts send`, wanda ke tilasta masa aikawa nan take, na zauna ina kallon waya. Shiru. Da na sake buga `ceph health detail` sai ga sabon gargaɗi, ALERTS_SMTP_ERROR, wato yana sanar da ni a allo cewa ya kasa sanar da ni ta imel. Dalilin shi ne 587 tana fara magana a buɗe sannan ta koma a ɓoye ta STARTTLS, ita kuwa 465 a ɓoye take tun daga kalmar farko, kuma a sigarmu ta biyun ce kawai ta yi aiki. Na koma na roƙi mutumin ya buɗe min 465, na sake cike fom ɗin katangar tsaro, aka buɗe. Saƙon gwaji ya shigo kafin in ajiye waya.

Shigowar saƙon gwaji ba ta gamsar da ni ba, don ina son in ga abin da zai faru idan faifai ya mutu da gaske. Na rubuta takardar neman izinin gwaji, aka ba ni yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ofis ya yi sako-sako. Na buɗe taga biyu. A ɗaya na bar `ceph -w` yana zubo labarin gungu layi-layi, a ɗayar na buga `systemctl stop ceph-osd@7`. Gaskiya gabana ya faɗi lokacin da na danna, duk da na san akwai sauran kwafi 2 na komai. Nan da nan layuka suka fara gudu: osd.7 ya sauka, OSD_DOWN, sai PG_DEGRADED da ƙididdigar abubuwan da kwafinsu ya ragu. Cikin minti ɗaya imel ya iso da jerin gargaɗin. Na bar shi a haka ina kallon agogo, domin Ceph yana jiran daƙiƙa 600, wato minti 10, kafin ya yanke ƙauna da faifan da ya sauka ya fitar da shi daga lissafi. Minti goman na cika kuwa ya fara kwashe bayanai yana sake gina kwafi na uku.

A nan na ga wani abu da ya canza min lissafi gaba ɗaya. Tunda dole kowace saba ta riƙe kwafi ɗaya, kuma sabobin 3 ne kawai, bayanan faifan da ya mutu ba su da inda za su je sai kan sauran fayafai 3 na wannan sabar. Ina kallon `ceph osd df` ina ganin waɗannan ukun suna cika, sauran takwas ɗin ko gezau. Ceph yana fara gargaɗin OSD_NEARFULL a kashi 85 cikin 100, ya daina tura bayanan gyara zuwa faifai a kashi 90, a kashi 95 kuma ya hana rubutu kwata-kwata. To ka lissafa: in fayafai 4 suna kan kashi 65 ɗaya ya mutu, kayan huɗu sun koma kan uku, kowanne ya kai kusan kashi 87. Wato gungun da jiya ke kan HEALTH_OK da sarari mai yawa a ido, mutuwar faifai ɗaya ta isa ta kai shi bakin cika. Gargaɗin kashi 85 ga ƙaramin gungu irin namu a makare yake zuwa. Na rubuta a littafina cewa iyakarmu kashi 60 ce, kuma dole in samo hanyar da za a faɗakar da mu a nan. Na tayar da osd.7, bayanai suka koma mazauninsu, imel na biyu ya zo da HEALTH_OK, na kai wa shugabana rahoto cewa aiki ya kammala.

Ashe da saura. Wani dare a ƙarshen mako aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, batiran UPS suka riƙe iya ƙarfinsu suka mutu. Sabobi biyu suka kashe kansu, ɗaya ta rage a kan wani layin batir daban. Wayata ba ta yi ko ƙara ba. Na kwana lafiya, na yini lafiya, sai da safiyar Litinin aka kira ni. Da na shiga sabar da ta rage na buga `ceph -s`, sai umarnin ya tsaya cak, babu amsa babu kuskure, har minti 5 suka cika ya ce lokacin neman izini ya ƙare bayan daƙiƙa 300. Cikin mon 3 sai 2 sun haɗu ake samun rinjayen da zai yanke hukunci, ɗaya kaɗai ba ta da bakin magana. Shi kuwa sashen alerts a cikin mgr yake zaune, mgr kuma daga wajen mon yake jin labarin lafiyar gungu. Mai gadi ne da ke kwana a cikin shagon da yake gadi: in rufin ya rufta, da shi ya rufta, babu mai fita ya yi kururuwa. Duk matsalar da ta kai girman da ya kamata a tashe ni daga barci, ita ce daidai wadda wannan tsari ba zai iya faɗa min ba. Bayanai dai ba su ɓata ba, da wuta ta dawo komai ya haɗe kansa, amma na gane shirun waya ba shaidar lafiya ba ne.

Daga nan na shiga mataki na ƙarshe, wanda shi ne ainihin aikin. Na nemi wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta a sito, na sa mata Linux, na kai ta wani gini daban da ke da sola da inbata nasa. Na saya mata modem mai layin waya don kada ta dogara da intanet ɗin ofis, wanda siwic ɗinsa a ɗakin sabobin yake, yana mutuwa tare da su. Wannan modem da kuɗin data na wata-wata su ne kaɗai abin da aka kashe a duk aikin, kuma data kaɗan take ci tunda rubutu ne zalla. Sito ma sai da na sa hannu a takardar fitar da kaya, mai sito yana tambayata me zan yi da wannan gwangwani. Na sa mata ƙunshin `ceph-common`, na samo ɗan gajeren fayil ɗin saiti da `ceph config generate-minimal-conf`, sannan na ƙirƙira mata mabuɗi nata na karatu kawai: `ceph auth get-or-create client.gadi mon 'allow r' mgr 'allow r'`. Kada a kuskura a kwafa mata mabuɗin admin, domin na'ura ce da ke zaune a ɗakin da kowa ke shiga, kuma da wancan mabuɗi ana iya goge gungun baki ɗaya. Fom na uku na katangar tsaro ya biyo baya, wannan karon don ƙofofin mon, 3300 da 6789, da kuma na mgr da ke farawa daga 6800. Jami'in tsaro na ganina ya yi dariya ya ce, "Malam, kai kuma?" Ya sa hannu a take.

Ɗan shirin da na rubuta da bash bai kai shafi ɗaya ba. Duk minti ɗaya cron, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali a Linux, na tayar da shi, ya buga `timeout 30 ceph --id gadi health detail --format json`. Wannan `timeout` ɗin shi ne ƙashin bayan abin, domin ba tare da shi ba, ranar da rinjaye ya ɓace shirin zai maƙale minti biyar, na gaba ya hau kansa, su yi ta taruwa babu wanda ya aika komai. Idan daƙiƙa 30 suka wuce babu amsa, `timeout` yana fita da lamba 124, ni kuma na sa shirin ya ɗauki wannan a matsayin labari mafi muni, sama da HEALTH_ERR. Idan amsa ta zo, `jq`, mai tsinto bayanai daga irin wannan amsa, ya ciro `.status`, wato matsayin gungu, da sunayen gargaɗin da ke ƙarƙashin `.checks`, a gwada su da abin da aka ajiye a fayil a zagayen baya, in sun bambanta a aika saƙo. Na haɗa da `flock` don kada biyu su gudana lokaci guda, na kuma ƙara layi da ke karanta `ceph osd df --format json` ya yi magana in wani faifai ya haura kashi 60. Wajen aikawa na bar imel na koma Telegram, don a nan babu mai duba imel da tsakar dare, amma kowa na jin ƙarar waya. Ana buɗe bot kyauta ta BotFather, ya ba ka lambar sirri, sai `curl` ya tura rubutu zuwa `sendMessage` da lambar zauren da muka buɗe mu uku masu karɓa-karɓar aiki. Sannan na ƙara abu ɗaya: kowace safiya da ƙarfe 7 kwamfutar tana turo layi guda, ko da komai lafiya, ɗauke da matsayin gungu da cikar faifan da ya fi cika. Ranar da bakwai ta wuce saƙon bai zo ba, mun san ita mai sa idon ce ta samu matsala, ko data ta ƙare, ko inbata ya mutu.

Makon farko saƙonni sun yi yawa har abokin aikina ya ce zai rufe bakin zauren. Gargaɗin jinkirin aiki, SLOW_OPS, ya bayyana na 'yan daƙiƙu ya ɓace, saƙo biyu ke nan. Faɗakarwar da ta cika surutu ƙarshenta a daina karanta ta, sai mu koma inda muka fito. Na gyara ta hanya biyu. Na farko, gargaɗi sai ya tsaya zagaye 3 a jere kafin a aika. Na biyu, na raba su gida biyu. Rashin amsa, HEALTH_ERR, MON_DOWN, OSD_DOWN da PG_AVAILABILITY suna tafiya nan take ko ƙarfe nawa ne, domin ko dai aiki ya tsaya ko saura taki ɗaya ya tsaya. Irin su jinkirin zurfin bincike da RECENT_CRASH kuwa suna jira su shiga saƙon safe. Idan akwai gargaɗin da muka sani muna kan gyaransa, muna amfani da `ceph health mute` tare da wa'adi, misali `ceph health mute PG_NOT_DEEP_SCRUBBED 4h`. Kyawunsa shi ne in lamarin ya ƙara muni, ko wa'adin ya cika, bakin yana buɗewa da kansa. Dokarmu ita ce ba a rufe bakin komai ba tare da wa'adi ba. Haka kuma kafin a kashe saba don gyara ana buga `ceph osd set noout` don kada minti goman nan su cika ya fara kwashe-kwashe a banza. Wannan yana jawo gargaɗin OSDMAP_FLAGS, kuma da gangan muke barinsa yana damunmu, domin shi ke tuna mana mu buga `ceph osd unset noout` bayan an gama. In aka manta da shi, faifai zai mutu wata rana Ceph ya zauna yana jira bai gyara ba.

Wasu za su ce me ya sa ban kafa Prometheus da Alertmanager ba, manhajojin tattara ƙididdiga da aika faɗakarwa, tunda `ceph mgr module enable prometheus` yana fitar da ƙididdiga a ƙofa 9283, har da `ceph_health_status` mai nuna 0, 1 ko 2. Ga babban gungu shi ne daidai, kuma yana ba da tarihin da ɗan shirina ba ya da shi. Amma shi ma daga mgr yake ɗiban labari, don haka in aka ɗora shi a kan sabobin da yake sa wa ido, ko a kan wutar ɗaki ɗaya, daren da janareto ya ƙi tashi shiru zai yi. Wanda zai bi wannan hanya ya ajiye shi a waje, ya kuma rubuta dokar da za ta yi ƙara idan ƙididdigar ta daina zuwa. Ban kashe sashen alerts ba, yana nan yana tura imel, don ya zama akwai tarihi a rubuce da shugabana ke iya dubawa.

Da zan sake yin aikin a wani waje, fom ɗin katangar tsaro guda ɗaya zan cike tun ranar farko, in jera ƙofofin duka a ciki: 123, 465, 3300, 6789 da na mgr, domin jiran sa hannu ya ci lokaci fiye da duk rubutun umarnin. Zan kuma nemi akwatin imel da izinin gwaji a rana guda. Yanzu a jikin ƙofar ɗakin sabobi mun manna takarda mai shafi ɗaya: kowace lambar gargaɗi, umarnin farko da za a buga in ta zo, da wanda za a kira. Farkon kowane wata wanda ke kan aiki yana yin gwaji biyu ya sa hannu a ƙasanta. Ya tsayar da OSD ɗaya na minti biyar ya tabbatar saƙo ya shigo, sannan ya je ɗaya ginin ya zare wayar netwok daga bayan ƙaramar kwamfutar, ya tsaya har wayarsa ta yi ƙara da saƙon rashin amsa kafin ya mayar.